Ganyen da Mastura Ke Shanyawa

Faɗan da na yi da Mastura a kan shara ne. Na hau rufi da hantsi zan shanya zannuwa, sai na tarar da wani faranti a rana, cike da jiƙaƙƙen ganye kamar wanda akuya ta tauna ta furzar. Na ɗauka na juye a kwandon shara, har na ɗauraye mata farantin, don ni idona ba ya zama da ƙazanta. Ban tsane hannu ba ta fito daga ɗakinta. Matar da tun zuwanmu gidan ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofa ba, ranar sai da ta wanke ni tas da Hausa, da Hausar ta ƙare mata ta koma Larabci. Ta ce ni tsohuwa ce mai shisshigi, hannuna ba ya ganin abu ya bar shi inda yake.

Ni kuma ba a gaya mini magana in haɗiye. Na ce mata a garinmu ko jaki aka zuba wa wannan sai ya juya baya. Na ƙara da cewa wadda ke zaune a rufin mutane ba takarda gara ta rage murya, don mai gadin ginin ba kurma ba ne.

Ta durƙusa gaban kwandon tana tsince ganyen daga cikin ɓawon albasa tana mayarwa faranti. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya Hajja, sau ɗaya na sha shi. Da sauran ƙarfi a jikinsa."

Ban ba ta haƙuri ba, don ban ga ƙaryar da na yi ba. Amma da la'asar na sake jan gwiwata na hau, na ce ta dafa mini abin da aka zage ni dominsa, in ji ko ya kai.

Ta ce ba dafa shi ake yi ba. Sunansa matte. Busasshen ganye ne kore mai duhu, da 'yan karare a ciki, daga wata ƙasa can bayan teku ake kawo shi, mutanen Sham ne suka riƙe shi abin sha. Ta zuba a ƙaramin kofin gilashi ya kai rabi, ta soka wani siririn bututun ƙarfe mai faɗin kai da 'yan hujoji kamar rariya. Sannan ta tsaya kan buta tana saurare. Da ruwan ya fara kuka, tun bai tafasa ba, ta sauke, wai tafasasshen ruwa ƙona ganyen yake yi, ya ƙona maƙogwaro. Zubin farko ita ta zuƙe, don shi ne mai ƙura da ɗacin tsiya, ba a ba baƙo. Ta goge bakin bututun da ɓawon lemun tsami, ta ƙara ruwa, ta miƙo mini. Na kama bututun zan motsa kamar cokali, ta riƙe mini hannu, wai ba a taɓa shi, inda aka kafa shi nan yake zama. Ta ce in zuƙa har in ji ƙasan kofin ya yi ƙara.

Na zuƙa. Kamar an jiƙa taba da ciyawar doki. Na gaya mata haka, na ce kuma da furfurata an mai da ni jaririya mai tsotso. Ta yi dariya ta karɓi kofin, ta goge, ta zuba nata. Haka muka yi ta miƙa wa juna har ganyen ya sane, kararen suka taso sama. A zaman nan ne na ji yawancin abin da na sani game da ita, sauran kuwa da idona na gani.

Mastura 'yar Hausawan Sudan ce, a Wad Madani aka haife ta. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka tsaya noman auduga a hanya, noman ya cinye su. Takan ce ita ce ta ƙarasa musu tafiyar. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya tsaya, sai ta shigo da umara, kwanakin bizarta suka ƙare ba ta koma ba. Rabin matan da na sani a Jidda haka suka zo, ba wani abin labari ba ne.

Ta samu aiki a Ruwais, gidan wata tsohuwa 'yar Sham, Ummu Hatim, wadda ƙafafu suka daina ɗauka. Mastura ke mata wanka, ta juya ta, ta kai ta bayi. Tsohuwar ba ta da wani abin so a duniya irin matte, shi kuma a al'adarsu ba a shansa a tsaye, ba a shansa mutum ɗaya. Ƙawayenta sun mutu ko sun bar gari, matar ɗanta gahawa take sha tana tafiya. Sai wata safiya ta ce wa 'yar aikinta ta aje tsintsiya ta zauna. Ta sha, ta goge bututun, ta miƙa mata.

Ni na yi aikin gidaje a garin nan tun ƙarfina na nan har ya tafi. Akwai gidan da kofina ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kusa da sabulun ƙasa, don kada ya haɗu da nasu. Ban taɓa jin inda uwar gida ta sa baki a wurin da 'yar aiki ta sa ba. Don haka da Mastura ta gaya mini wannan, na gane ba ganye kaɗai take tsincewa a shara ba.

Daga bakin Ummu Hatim ta haddace amfaninsa, kuma tana karanto shi kamar addu'ar barci. Yana wartsake jiki ba tare da bugun ƙirjin da gahawa ke sawa ba. Yana kwantar da ciki bayan abinci mai maiƙo. Yana kashe yunwa, yana sa fitsari, yana buɗe kai. Ɗan tsohuwar, Hatim, ya taɓa cewa a gabanta ya ji likitoci na cewa yana ɗan taimakawa wajen kitse da suga. Mutumin nan "ɗan taimakawa" ya ce. Mastura ta yar da "ɗan", ta riƙe sauran.

Shi Hatim ba mugu ba ne. Kullum yana cewa zai nema mata iƙama, takardar izinin zama, amma shi ma baƙo ne, wuyansa na hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kuma wanda ya shigo da umara ya zauna, gyara masa takarda ba wasa ba ne. An yi wata shekara da hukuma ta ce duk marar takarda ya fito ya tafi gida ba tara ba ɗauri. Mutane suka yi ta ɗaure kaya. A lokacin tsohuwar ta kai inda ba ta karɓar ruwa daga hannun kowa sai na Mastura. Ta ce bari ta ga abin da Allah zai yi. Wa'adin ya rufe, tsohuwar ta ƙara jan rai, sannan ta cika. Hatim ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar. Ya sallame ta da mutunci, ya haɗa mata da butar uwarsa da kofin da bututun.

Da su ta iso lungunmu na Kurayyat, ta kama ɗaki kusa da namu. Can rayuwa na da sauƙi ga irinta. Lungunan ƙanana ne, mota ba ta shiga, in an ga baƙuwar fuska labari ya riga ta isa ƙarshen layi. Mastura na zuwa kasuwa, tana zuwa suna da ta'aziyya. Da aka zo rushe unguwar, kowa ya kama gabansa. Ni da 'yata Rahma da mijinta Usuman muna da iƙama, muka samu hawa na biyu a wani gini a Bani Malik. Mastura ba mai ba ta haya. Rahma ce ta roƙi mijinta, aka sa ta a ɗan ɗakin ajiya da ke kan rufi, gefen tankin ruwa, aka gaya wa mai gadi cewa 'yar'uwata ce da ke zuwa tana tafiya. Ginin matakala ɗaya gare shi, ƙofa ɗaya, kuma ƙofar a bakin babban titi take, inda motar sintiri ke wucewa ba sallama.

Ta ce zaman na ɗan lokaci ne, za ta haɗa abin da ta haɗa ta miƙa kanta a kai ta gida, tana da ƙane a Wad Madani da ɗaki a gidan ubansu. Tana cikin wannan shiri yaƙi ya ɓarke a Sudan, ya bi gari gari har ya shiga nasu. Wayar ƙanen ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Tun daga nan ban ƙara jin ta ce na ɗan lokaci ba ne, ban kuma ƙara ganin ta a ƙasan matakala ba.

Sana'arta a rufin ƙwaƙule kusa ce, wannan 'yar kabewar da mutanen Sham ke cusa wa shinkafa da nama. A gidan Ummu Hatim ta koya. Usuman direban wani mai kayan miya ne, shi ke hawo mata da kwali, ta ƙwaƙule su tas, fatar ta yi siriri har kana hango haske, ba ta fasa ko ɗaya ba, ya mayar wa matan da ba sa son wahala. Shi ne kuma ke sayo mata matte a kantin wani ɗan Sham in hanya ta bi da shi. Ba ta son yawan aikensa, suruki ne na mutane ba nata ba, shi ya sa take shanya wanda ta sha ta sake sha.

Duniyarta ke nan: ɗaki, tanki, igiyar shanya, da katangar da ta kai mata kafaɗa. Ko leƙa titi ba ta yi, kada wani daga ginin da ke fuskantarmu ya riƙe fuskarta. In jirgi ya wuce takan ɗaga kai, in ce mata ta sauke, ba ita ya zo ɗauka ba.

Ciwon suga tun muna Kurayyat ya fara taɓa ta. Abin da ake yi a lokacin shi muka yi. Ita da Rahma tsayinsu ɗaya, shekarunsu ba nisa, sai ta sa niƙabi ta ɗauki katin Rahma ta tafi wani ƙaramin asibiti. Aka auna jinin Mastura, aka rubuta wa Rahma suga. Tana karɓar ƙwayoyi da sunan Rahma, likita na yi wa Rahma faɗa a kan cin dabino, har ya ce in ba ta kiyaye ba za a koma allura. Abin na tafiya lafiya sai da Rahma ta gaske ta samu ciki ta je awo. Ma'aikaciyar ta duba na'ura ta ce ai mai suga ce, aka tara mata likitoci, aka auna aka ga ba komai, aka fara tambayar yadda aka yi. Rahma ta dawo gida ta gaya mana. Ni na ce shi ke nan, kati ya koma jakar mai shi. Ko yau aka sake haka zan ce. Ba da jimawa ba ma asibitoci suka fara neman zanen yatsa da lambar da ake turowa a waya, hanyar ta toshe ga kowa.

Usuman ya ci gaba da sayo mata ƙwayoyin a kantin magani. Amma ba awo, ba likita, ita kuma ba ta cin abincin kirki, sai ƙwayar ta riƙa sa ta jiri. Wata rana na ga kwalin a kan taga rana ta cinye rubutunsa. Na tambaya, ta nuna mini kofi ta ce ga likitanta, ba ya tambayar iƙama.

Kada a ce na yi wa ganyen nan sharri. Ni ma na zama 'yar hannu. Nauyin da nake tashi da shi da safe, kamar an ɗora mini buhu, ya ragu. Cikina da kan yi kwanaki a ɗaure ya saki. Ina iya zama in tsince shinkafa ban yi gyangyaɗi ba. Gwiwata kam ko kallonta bai yi ba, kuma in na sha da yamma sosai sai in yi ta juyi a shimfiɗa. Abin sha ne mai kyau, ya fi shayin madarar da muke narka wa sukari. Iyakarsa ke nan a wurina.

Da la'asar matan ginin suka fara hawowa. Rufin ya zama majalisa. Mastura a tsakiya da butarta, ita ke zubawa, ita ke gogewa, ita ke cewa wace ce ta gaba, kuma ba mai tsallake layi ko da ta girme ta. A wannan zaman kaɗai nake ganin ta miƙe wuya. Abin da ya jawo matan kuwa ba hira ba ce. Mastura ta fara ramewa. Matar da ta zo da jiki, sai ga zane na zagaye ta har ya yi saura. Akwai wata Hikima a hawa na ɗaya, mutuniyar Damagaram, wadda sai ta huta a kowane hawa kafin ta iso. Ita ta fara cewa a ba ta abin da ya narkar da Mastura. Takan zuƙa ta yamutsa fuska, ta shafa ciki ta ce tana jin kitsen na tsiyaya. Na ce mata kitsen da ke tsiyaya ai ga shi nan a hannunta, don da sambusa take hawowa.

Mastura kuwa murna take. Ramar, ta ce ganyen ne ke cire mugun kitse. Yawan fitsarin da ke hana ta zama, ta ce ciwon ne yake wankewa yana fita. Ƙishin da ba ya jin ruwa, ta ce jiki ne ke neman ƙari, sai ta ƙara ɗora buta. Gajiya in ta taso, ta sha, ta ji ta wartsake, ta ce kun gani. Duk abin da ciwon ya yi mata, sai ta rubuta shi a ladan matte.

Ni mijina suga ne ya kashe shi, a hannuna. Na san ramar da ke zuwa da sheƙi, na san wadda ke zuwa da bushewar leɓe. Na shiga ɗan bayin rufin na ga kiyashi sun yi layi inda take tsuguno. Na fito na gaya mata a gaban kowa, don in na gaya mata ita kaɗai za ta shanye. Na ce ba kitse ke fita ba, ita ce ke fita. Ta ce Ummu Hatim ta sha shi har ta ga jikokin jikoki. Na ce Ummu Hatim na da ɗa da mota da likita mai zuwa gida, kofin nan ƙari ne a kan abin da take da shi, ita kuwa ta mai da shi uwa da uba. Hikima ta aje sambusarta. Mastura ta ce ruwa na hucewa, wace ce ta gaba.

Ana cikin haka wata la'asar tana ba mu labarin yadda ake bikin girbin auduga a garinsu, butar na hannunta a karkace, ruwan zafi na zuba a kan yatsun ƙafarta. Tururi na tashi, ita tana ta labari. Sai da na ture hannunta. Ta duba ƙasa kamar ƙafar wata ce.

Wurin ya tashi, ya fashe, ya ƙi rufewa. Rahma ta kawo man ƙuna da bandeji. Mastura ta karɓa ta gode, in mun sauka ta kwance ta lafta jiƙaƙƙen ganyen matte a kai, wai abin da ke gyara ciki ba zai kasa fata ba. Ta koma sa safa cikin zafin Jidda. Majalisa ta fara raguwa, kowa da uzurinta, amma gaskiyar ita ce wari. Ranar da na sa Rahma ta riƙe ta na cire safar, yatsu biyu sun yi baƙi kamar dabinon da ya kwana a ƙasa, jan kuma ya haura idon sawu.

Kowa a ginin ya san abin da ke gaba. In ta je babban asibiti za su karɓe ta, don ba a barin mutum ya mutu a ƙofa. Amma bayan magani sai tambaya, bayan tambaya sai a ɗauki yatsa, daga nan gidan da ake tara waɗanda za a kora, daga nan jirgi. Rahma ta yi mata magana da kuka. Usuman ya tsaya daga bakin matakala ya yi mata da ladabi. Ta ce a'a. Ta ce a sauke ta a Bur Sudan da ƙafa ɗaya ta nufi ina, wa ta sani, gidan wa za ta yi sallama. A nan ko ba komai tana da inuwar tanki da mutanen da suka san sunanta. Ta ce in kwana ya ƙare, gara ya ƙare mata kusa da Makka, inda kakanninta suka nufa.

Na bar su suka gama, na sallame su, na zauna a bakin katifarta. Zazzaɓi ya riga ya kama ta. Na tambaye ta in ta mutu a nan, wa zai sauke ta. Ta ce Allah ba zai rasa bayinsa ba. Na ce bayin nasa su ne Usuman da Rahma, kuma gawa ba ta shiga maƙabarta a garin nan sai da takarda. Za a kira hukuma, za su hau rufin nan, za su tambayi wa ya aje ta, da sunan wa aka kama gidan. Usuman zai rasa iƙama, a kore shi, Rahma ta bi shi da goyo, ni kuma a tsufana in koma garin da duk wanda ya san ni yana ƙarƙashin ƙasa.

Ta ce, "Hajja, korata kike yi?"

Na ce, "'Yar nan, zama kin yi shi ba izini, mun rufa. Mutuwa ce ba za mu iya rufawa ba."

Ta juya fuska bango. Sai ta tambaya ko Usuman zai yarda ya kai ta. Na ce zai kai ta kusa, ya sauke ta a kwanar da ke kafin ƙofar asibitin, ba zai tsaya ba, kuma in an tambaye ta ba ta san shi ba, ba ta san mu ba, a masallaci take kwana. Ta ce to. Ta ce ta iya wannan.

Washegari ba ta sha komai ba, don Rahma ta ce kila su yi mata aiki, an fi son ciki ba kowa. Kanta ya yi ta sara, ta yi ta lumshe ido. Muka jira bayan azahar, lokacin da rana ke korar kowa daga titi, mai gadi kuma ya shige ɗakinsa ya kunna sanyi. Rahma ta sa mata abaya mai tsabta, ta cire duk abin da zai nuna gidanmu daga jakarta, har ledar kantin da ke ƙasanmu. Wayarta ma aka goge lambobinmu. Ta zauna tana kallo ana gogewa.

Saukowar ta ba mu wuya. Rahma a gefe ɗaya, bango a ɗaya gefen, ni a baya da gwiwar da ba ta da amfani, ina riƙe da gefen abayarta kamar hakan zai hana ta faɗuwa. A kowane hawa ƙofofi a rufe, amma na san akwai ido a bayan kowace. Hikima kaɗai ta buɗe, ta kama hannunta ta sumbata. Da muka kai ƙofar waje Mastura ta tsaya. Ta daɗe ba ta ga titi daga ƙasa ba. Ta ce ashe an yi wa kantin can fenti.

Usuman ya dawo ya ce ya hango ta a madubi tana bin katanga har ta shiga. Iyakar abin da muka sani ke nan da tabbas. Ba wanda ya isa ya je ya tambaya, don mai tambaya shi ma za a tambaye shi. Wata mai shara a can ta gaya wa wata cewa an yi wa wata 'yar Sudan aiki an bar mata dunduniya. Wani kuma ya ce ya ga mai kama da ita a cikin waɗanda aka kwasa. 'Yan Sudan masu ciwon ƙafa ba su da iyaka a garin nan, ban riƙe ko ɗaya ba.

Ranar da muka fitar da ita, da ta shiga motar Usuman ta sauke gilashi, tana neman ta fara irin maganganun nan na a yafi juna. Ban bar ta ba, don rana na dukana kuma tsayuwar mota a ƙofar ba alheri ba ce. Na san halinta, matar da ba ta yar da komai. Na sunkuya na ce mata, "Ki ji ni, Mastura. In likita ya ce yatsu biyu zai cire, kada ki tsaya yi masa ciniki. Ki ba shi, ki tafi da sauran."